Ƙafar Jirgin Naina Labbe

A Kinniya, wani garin masunta a bakin teku, kwalekwalen Naina Labbe ne kaɗai ba daga itace aka sassaƙo shi ba. Ƙafar jirgin sama ce.

Lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen sojan ruwan Ingila masu sauka a kan ruwa sun cika mashigin tekun Tirinkomali, inda garin yake. Kowanne yana tsaye kan dogayen ƙafafu na farin ƙarfe, cikinsu fayau, su ke hana shi nutsewa. Bayan yaƙi, Naina yana maraya ɗan shekara goma sha tara, yana su a jirgin mutane, ya tsinci ɗaya a cikin taɓo. Ya fafe samanta daidai zaman mutum, ya ɗaura mata gungume a gefe don kada ta kife, ya shiga ruwa.

Masunta suka samu abin yi. "Matuƙi, yau Landan za a tashi ko kaguwa za a kamo?"

"Ku dai ci gaba da kwarfe ruwa," yakan ce, "ni na yi gaba."

Da wannan ƙafa ya auri Sulaiha, da ita ya ciyar da 'ya'ya bakwai da jatan lande da kaguwa. Shekarar da rikici ya kore su daga gari, sai da ya binne ta a rairayi kafin ya ɗauki ko tabarma. Duk shekara yakan shafe gindinta da kwalta. Samanta kuwa bai taɓa ba: tsohon fenti ne ruwan toka, da wasu baƙaƙen lambobi a goshi.

Da gwiwoyi suka gaza, babban ɗansa ya fara zancen 'yan gwangwan, masu narka ƙarfe su yi tukwane. Naina ya daina cin abincin kirki. Ba mutuwarsa ke damunsa ba, sai tunanin a dafa shinkafa a cikin abin da ya ɗauke shi shekara hamsin da bakwai.

Ana nan sai ga wata mata daga babban birni Kolombo, Malama Wasanti, ma'aikaciyar wani gidan tarihi. Suna da gangar jikin jirgin sama irin mai wannan ƙafa, an tsamo ta daga teku, amma babu ƙafa. Ta durƙusa a gaban lambobin nan tana shafawa.

"Baba, gidan tarihinmu na son ta, ka kula mana da ita. Nan da mako biyu za mu zo da babbar mota."

To, a bakin ruwan nan akwai al'ada. Jirgi ba ya sauya hannu da daudar tsohon mai shi. Sai an kankare shi tas, an yi masa sabon fenti, sannan a miƙa. Wanda ya ba da jirgi a yadda yake, ya raina mai karɓa, kuma har jikokinsa sai an goranta musu. Naina bai taɓa kankare tasa ba, don ba daga hannun kowa ya karɓe ta ba. Yanzu kuwa lokaci ya yi.

Kwana goma yana zaune a kan turmi, da wuƙa da rairayi da ɓawon kwakwa.

"Tsoho, za ka kashe kanka," in ji Sulaiha. "Ni da aka kawo ni gidan nan ko ɗaki ba ka share ba."

"Ke ai kin zo ne. Ita tafiya za ta yi."

Ya yi mata shuɗin fenti, ya zaga bakinta da rawaya.

Da motar ta iso, Malama Wasanti ta sauko da fara'a, sai ta tsaya cak. Ta zaga ta goshi. Ta sake zagawa.

"Baba... ina lambobin?"

"Sun fita tas, 'yata," ya ce da alfahari. "Su suka fi ba ni wahala."

Ta zauna a kan rairayi. Da ƙyar ta yi masa bayani: lambobin ne shaidar jirgin da ƙafar ta fito, fentin nan kuma shi suka zo nema. Ba tare da su ba, manyanta ba za su yarda a haɗa ta da jirgin ba.

Naina ya dubi hannuwansa da suka tsattsage. "Wato na ɓata ta."

Direba ya tada mota.

Sulaiha ce ta matso. "Ke yarinya, shekara nawa abin nan ya yi yana yaƙi?"

"Biyu, ko uku, Inna."

"To ya yi hamsin da bakwai yana ciyar da mutane. Wannan ba ya shiga tarihin naku? Sai na kisa?"

Malama Wasanti ta daɗe tana kallon kujerar katako da zama ya lotsa, da gungumen, da facin da aka yi da gwangwanin madara. Sannan ta ce direba ya kashe mota.

An kai ƙafar gidan tarihi, amma ba a haɗa ta da jirgin ba. A gefensa aka ajiye ta, da shuɗinta da filafilinta, da ɗan allo mai sunan Naina. Sau ɗaya aka kai shi ya gani, wata takwas kafin rasuwarsa. Ko ɗaga kai bai yi ya dubi jirgin ba. Ya leƙa ƙarƙashin ƙafar, ya yafito mai gadi.

"Ɗana, kada ku bar ta kan siminti. Ku sa mata katako biyu."

Sai da ya ga an kawo katakon ya yarda aka fita da shi.