Ƙafar Mai Gilashi

Kin taɓa jin an yanke wa mutum ƙafa da baki? To jikana, Mai Gilashi, haka aka yi masa.

Shi ne ɗan babban ɗana. A ɗakin saman bene yake aiki, teburi ɗaya, kwamfuta, da fanka mai ƙara. Shafin intanet yake ginawa mutane. Wata rana na kai masa shayi, na tarar ya dafe kai. Na ce, "Maigidana, wa ya taɓa ka?"

Ya ce, "Amarya, duba. Shafin mai sayar da takalma ne. Mutum ya zaɓi takalmi a ƙasa, kwandon sayayya da ke saman shafin bai sani ba."

Wai shafin gida ne mai ɗakuna. Wannan ɗaki ya gaya wa wancan, wancan ya miƙa gaba, kafin saƙo ya kai sama ya ɓace a hanya. Maganin da ya yi, ya ajiye labarin wuri ɗaya, kowane ɗaki ya leƙa can da kansa. Na ce to, sha shayinka.

Ana nan sai babur ya kaɗe shi. Ubansa ya gaya wa gwaggonsa, gwaggo ta gaya wa direbanta, direba ya gaya wa matar maƙwabci, ita ta hau bene ta same ni tana salati, wai an yanke ƙafa. Ni ga ciwon gwiwa, ba mai kai ni asibiti. Wuni na yi ina kuka, ko ruwa ban sha ba. Ashe targaɗe ne! Da yamma sai ga shi yana ɗingishi, ƙafa biyu cif.

Da ya ji abin da aka gaya mini, bai yi dariya ba. Shi da ba ya raina abin dariya.

Bara ya samu aiki nesa. Abin da ya dame ni ke nan: labarinsa zai riƙa biyo bakin mutanen nan kafin ya iso ni. Ranar tafiya, jaka a kafaɗa, ya sa mini waya a hannu, hotonsa ne kaɗai a fuskarta, ƙato da gilashin.

Ya ce, "Amarya, kar ki ƙara tambayar kowa lafiyata. Danna hancina kawai, zan ɗauka."