Goggo Matiron da Kwas ɗin da Na Raina

Duk wanda ya san Goggo Talatu ya san ba ta zama a ɗaki sai ta shafa gadon ɗakin. Kafin ta amsa gaisuwa hannunta ya riga ya kai kan zanen gado, tana laluben inda ya tattare. Ku da kuka raka amarya Rabi zuwa garin Kuru ai kun gani da idonku. Ana ta guɗa, amarya na kuka a lulluɓe, sai Goggo ta ce, "Ku ɗaga min ita! Wa ya yi wannan shimfiɗar? Ko mai lafiya ya kwana uku a nan sai bayansa ya saɓule." Haka ta yaye gadon amarya kaf, ta sake shimfiɗa, ta soke kusurwa huɗu irin na asibiti, sannan ta ce a mayar da ita ta ci gaba da kukanta.

Shekara talatin ta yi a ɗakin majinyata mata, ba nas ba ce, ba ta da takardar komai. Ita ce mai yi musu wanka, mai canza zane, mai kai fo ta ɗauke, mai juya waɗanda ba sa iya juya kansu. Unguwa ta sa mata Matiron, wato shugabar nas-nas, don tsokana, ita kuwa ta karɓe sunan hannu bibbiyu. Abin tinƙahonta ɗaya ne, kun sha ji har kun gaji: "Ni Talatu, majinyaci bai taɓa yin gyambon kwanciya a hannuna ba. Duk awa biyu, juya shi!" Ko kifi ake soyawa a gida, in ta leƙo sai ta ce, "Juya shi, awarsa ta yi."

Ni Kulu 'yar ƙaninta ce, a hannunta na tashi. Da na gama sakandare na ce aikin jinya nake so, sai na kwaso fam uku: na wata makaranta mai wata shida, na kwas ɗin kula da majinyata mai shekara ɗaya, da na makarantar nas mai shekara uku. Ta wata shidan ce ta fi burge ni, don an ce tun satin farko ake sa farin yunifom. Goggo ta yafa gyale ta ce mu je ta gani.

A saman wani shagon taya take, wajen Tina Junction. Mai makarantar ya tarbe mu da kwat da murmushi, ya nuna mana wani mutum-mutumin roba kwance a gado. Goggo ta mintsini robar.

"Oga, wannan yana amai?"

"A'a, Hajiya."

"In ka taɓa masa ciwo yana zagin uwarka?"

"Haba, Hajiya!"

"To takardar taku, masu ba nas lasisi sun san da zamanta?"

Ya gyara kwat ya ce, "Muna kan hanya."

"Madalla. In kun isa ku aiko mana."

Har mun kai ƙofa ta koma ta gyara wa robar zanen gado. Ranar kamar ƙasa ta tsage in shige, amma wallahi ta cece ni, don waɗanda suka yi kwas ɗin har yau takardar na cikin akwati.

Saura fam biyu ke nan, kuma a nan na yi abin da har gobe yake cina. Goggo ta ce in yi duka biyun, amma in fara da na shekara ɗaya. "Takarda dole ce, 'yar nan. Na ga rashinta, yarinyar da na koya wa naɗe zane ita ta dawo tana aikena. Amma ki fara daga ƙasa, hannunki ya san nauyin mutum kafin ya san nauyin biro." Sai ta jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin gadonta, an naɗe da atamfa kamar kayan lefe. Ƙawayena biyu na zaune, har sun miƙo wuya. Ta kwance, ashe tsohon fo ne, wanda ta taho da shi ranar da ta yi ritaya! Ta ɗora min a cinya ta ce, "Ga darasin farko."

Ƙawayena suka tuntsire. Ni kuwa kunya ta sa na ture shi na ce, "Goggo, ni fa ba wankin fo na zo yi duniya ba. Nas zan zama, ta gaske."

Haka na faɗa wa matar da ta ciyar da ni da wankin fo. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta naɗe abinta a hankali ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a, nas ta gaske." Daga ranar sunana ke nan a bakinta.

Na yi shekara ukun, na sami lasisi. Kar in yi wa makarantar sharri, sun koya mana shimfiɗa da juya majinyaci, na kuma ci a takarda. Sai dai in mun shiga ɗakin majinyata nakan zame in bar wa irin su Goggo. Na sami aiki a wani asibitin kuɗi a Rayfield, ina ta yanga da abin awo a wuya.

Sai ɓarin jikin Goggo ya shanye. Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ai akwai nas a gida. Kullum da safe in auna jininta, in ba ta magani, in rubuta a takardar da na manna a bango, in wuce aiki. Juyawa kuwa sau ɗaya na ce wa matan gida, "Ku riƙa juya ta," ban nuna musu yadda ake yi ba, ban kuma sake tambaya ba.

Mama Chinwe ce ta gano, tsohuwar abokiyar aikinta mai shagon kayan masarufi. Tana shiga ta ja hanci, ta ɗaga zanen Goggo, ta ƙwala min kira da gurguwar Hausarta. "Kulu, zo ka gani! Ba kai ne nas ba? Wannan mata ta juya mutum dubu, kai ka kasa juya ɗaya?" Gyambo ne a ƙasan ƙugunta, ya kai tafin hannu.

Goggo da karkataccen bakinta ta ce, "Ya fito ko? Ikon Allah. Shekara talatin ban bari ya fito wa bare ba, sai ga shi a bayana, a gidan da ke da nas ta gaske." Tana dariya ni ina kuka. Ta ce, "Hawaye ba ya warkar da shi. Jawo ƙullin nan."

Na ɗauki hutu, kwas ɗin da na raina na yi shi a jikinta, wata huɗu cur. Malamar kuwa ba sauƙi. "Hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu! Ke, buhun dankali aka ce miki ni ce? Ina matashin tsakanin gwiwa?" A satinta na ƙarshe ta shafa zanen da hannunta mai lafiya, ta lalube ta lalube ba ta sami komai ba, ta ce, "Hmm. Kin kusa."

Na kusa ɗin ne kawai. Ranar da muka yi mata wankan ƙarshe ni na juya ta, gyambon na nan, saura kamar kan ɗan yatsa bai rufe ba. Da shi ta tafi.

Yanzu duk yarinyar da ta kawo min fam tana tambayar wanne za ta cike, nakan ce ta fara bincikar lasisi, sannan in jawo ƙullin atamfar nan in ɗora mata a cinya.

Allah ya jiƙan Goggo Talatu, ya yafe min abin da na yi mata. Ya yalwata makwancinta, ya sa shimfiɗar da ta tarar babu inda ta tattare. Amin.