Rijiyar da Aka Hana Faɗin Sunanta

Ni mace ce mai kiran abu da sunansa. An sha gaya mini ba halin 'ya'yan mutunci ba ne, ni kuma na sha amsawa cewa a wurin kakata na ɗauko, a saman soron gidan Baffa Sale da ke unguwar Hindawiyya a Makka, gefen kaskon suyar gyaɗa.

Iya muke ce mata. Ita ta haifi uwata. Da an sallame magariba sai ta hau sama da gawayinta, ta hura wuta, ta zuba yashi a kasko, ta fara juya gyaɗar da za ta kai talla titin Mansur da safe. Mu biyar ne ke kewaye ta, ni da 'ya'yan Baffa huɗu. Mu murje ɓawo, mu fece, mu ƙulla a leda. Ladanmu ƙonanniyar gyaɗa da tatsuniya. Har yau in na ji ƙamshin yashi mai zafi sai in ji kamar cinyarta na ƙarƙashin kaina, tana ture ni da gwiwar hannu tana cewa, "Matsa, Binta, ke kam nauyinki ya fi shekarunki."

Ubana ya rasu ina goye. Uwata ta bi shi ina da shekara shida. Baffa Sale yayan ubana ne, shi ke da gidan, shi ke da takardar zama ɗan ƙasa, shi ke karɓo kwangilar dafa wa alhazai abinci a Arfa. Ni da Iya ba mu da ko iƙama, takardar izinin zama. A inuwarsa muke, kuma mun san haka. Abin da aka gaya mini game da uwata bai wuce kalma biyu ba: zazzaɓin Arfa. In na ƙara tambaya sai a ce kwana ne ya ƙare, a tura ni aike. Amma yaro ba makaho ba ne. Duk layinmu da gas ake girki, gidanmu kaɗai ke fama da risho, kuma ban taɓa jin an ambaci gas a gaban Baffa ba.

Kafin gyaɗa, Iya ta yi shekaru tana wanki da girki a wani gida da alhazan Iran ke sauka. Wata shekara wata tsohuwa daga cikinsu ta kwanta ciwo, 'yan uwanta suka tafi ibada, Iya ce ta yi jinyarta har ta miƙe. Hanum Iya take kiranta, wato uwargida a yarensu. Ba su da yare ɗaya, amma mai wanke ka da mai ba ka a baki ba ya rasa yadda zai yi magana da kai. A wurinta Iya ta tsinci Farisancinta, kuma abin da ya fi burge ta a ciki shi ne yadda suke sa wa magana mayafi.

"Ku dai ba ku ga ladabi ba," in ji ta. "Matar nan in za ta ce mini ta yi amai, sai ta fara cewa gulab be rutun. Wato ruwan wardi a fuskarki. Ni da zan kwashe aman, ni ake yayyafa wa wardi da baki. In za su ambaci cuta sai su ce nesa da ranki. In mutum ya mutu ba sa cewa ya mutu, cewa suke ya ba ku sauran kwanakinsa."

Zainab, babbar 'yar Baffa, ta kwashe da dariya. "To Iya me za mu yi da kwanan gawa?"

"Ke da ba ki iya cewa maciji bayan magariba, sai igiyar ƙasa, ke ce mai yi wa wasu dariya? Kowa da irin zanen da yake rufe tsiraicin bakinsa."

Ita kanta Iya haka take. Uwata ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta taɓa faɗin sunanta ba, tana raye ko bayan ta tafi. Sai dai ta ce yarinyar nan.

Tatsuniyoyinta da yawa na manta su. Guda ɗaya ce ba ta barin wata ya wuce ba ta maimaita ba. Ta kan buga cokalin suya a bakin kasko ta ce, "Ga ta nan, daga nesa ta taso, ku ba ta wuri." Mu ce ta zo ta zauna.

Wai a wani gari na ƙasar Farisa an yi wani attajiri da ya haƙa rijiya a tsakar gidansa, ya ƙi yi mata murfi don kada ya biya kafinta. Akwai wata tsohuwa mai gasa gurasa, 'yarta ce ke kai gurasa gidan kullum da asuba. Sau uku yarinyar tana ce masa, ranka ya daɗe, wannan rami zai ci mutum. Sau uku yana ce mata ta ajiye gurasa ta kama gabanta. Ran nan da duhun asuba ta taka, ta faɗa. Attajiri ya aika bawa wurin tsohuwa da kwalbar ruwan wardi. Bawa ya durƙusa ya ce, 'yarki ta ba ki sauran kwanakinta. Tsohuwa ta ce, me ya kashe ta? Ya ce, nesa da ranki, ƙaddara.

Washegari tsohuwa ta je ƙofar attajiri ta zauna, ta ɗaga murya ta ce, rijiyarka ta kashe 'yata. Jibi ma haka. Mutanen gari suka toshe kunne, suka ce wannan mata ba ta da tarbiyya, ta ya za a faɗi magana tsirara a ƙofar babban mutum. Attajiri ya kai ƙara. Alƙali ya yanke cewa daga yau duk wanda ya ambaci kalmar nan inda attajiri zai ji, a yanke masa harshe. Bayin gida suka koma cewa abin nan na tsakar gida. Tsohuwa ta rufe bakinta, amma ba ta bar ƙofar ba. Kullum tana nan zaune, hannu a cinya, shekara da shekaru, har idon attajiri ya fara dushewa.

A nan Iya kan rage murya, ta bar gyaɗa ta yi ta ƙara a cikin yashi.

Wata rana attajiri ya fito ba ɗan jagora, ya miƙe tsakar gida, ya nufi bakin ramin sak. Bayi goma suna kallo. Na fari ya ce, ranka ya daɗe, ruwan wardi a fuskarka. Attajiri ya ce, ina ji, bai tsaya ba. Na biyu ya ce, nesa da ranka, akwai wani abu a gabanka. Ya ce, mene ne? Suka dubi juna, kowa yana taɓa harshensa. Na uku ya ce, abin nan. Ya ce, wane abu, ku sakarkaru? Ya ƙara taku ɗaya. Tsohuwa kuwa tana bakin ƙofa tana ganin komai, kuma duk garin ita kaɗai ce ba ta tsoron kalmar.

"Ta gaya masa?" Zainab ce mai tambaya, duk da ta san amsar.

Iya ta juya gyaɗarta. "Ai alƙali ya hana ta."

Sai ta rufe da cewa ƙurunƙus, yau ba kan ɓera ba, kan mai rijiya.

Akwai ranar da Baffa ya hawo sama neman iska, ya tarar an kai wajen bayi goma. Ya tsaya a bakin matakala. Iya ta gan shi, ba ta katse ba, ta kai attajirinta har cikin ruwa. Baffa ya yi gyaran murya ya ce, "Iya, wannan ba tatsuniyar yara ba ce."

Ta ce, "Haka ne, Alhaji. Ga gyaɗa da zafinta."

Bai karɓa ba. Ya sauka, bai ƙara hawowa ba muddin wuta na ci a murhun nan.

Sai da na yi aure na haihu biyu sannan Iya ta kwance mini ƙullin, tana kwance a ɗakina, saura mata kwana kaɗan. Ta riƙe hannuna ta ce, "Mairo." Sunan uwata ke nan, ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ta ce Mairo ba zazzaɓi ta yi ba. A hemar girkin Baffa take aiki a Arfa. Tukunyar gas tana yoyo, ta gaya masa, ya ce ba lokacin canzawa, alhazai na jiran abinci. Ta kunna, wuta ta tashi da ita. Aka kai ta asibiti. Da aka tambayi wanda ya kawo ta ma'aikaciyar wa ce, Baffa ya ce bai san ta ba, a hanya ya tsince ta, don kada a kama shi da sa marar iƙama aiki. Ya dawo gida ya ce wa Iya kada ta kuskura ta je, za a kama ta a mayar Nijeriya a bar ni ba kowa. Kwana biyu uwata ta yi tana kiran mutane, ba wanda ya zo. Aka binne ta cikin waɗanda ba a san su ba. Wata mata da suka yi aiki hema ɗaya ce ta gaya wa Iya a ɓoye.

Na ce, "Iya, kika zauna a gidansa kina cin tuwonsa?"

Ta ce, "In na yi magana ina zan kai ki? Na faɗa iya yadda zan iya. Ke kuma kina da kunne."

Na riƙe maganar nan shekaru. Ban daina gaida Baffa da salla ba, ban kuma taɓa cin abincin gidansa ba tun daga ranar. Na haura arba'in kafin in zauna a ajin manyan mata in koyi riƙe alƙalami. Da hannuna ya faɗa, malama ta ce kowa ta rubuta jimla ɗaya daga kanta. Wasu suka rubuta ina son Makka. Ni na rubuta an ƙona uwata. Malama ta duba, ta duba ni, ta ce rubutun ya yi daidai.

Bara Zainab ta kira ni a waya ta ce jikin Baba ya yi tsanani, yana nemana. Na san me ake nufi. Mai shirin tafiya yakan tara waɗanda yake jin nauyinsu ya nemi yafiya, su kuma su ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya, a yi kuka a watse. Na sa abayata na tafi.

Ɗakin cike yake da 'ya'ya da jikoki. Jikokin nan Larabci kawai suke ji, Hausarsu ba ta wuce sannu ba. Baffa ya rame har ya zama kamar yaro. Ya yafito ni, ya yi magana da Hausa ƙasa-ƙasa.

"Binta, 'yata. Abin da ya wuce ya wuce. In akwai wani abu a ranki game da abin nan, ki yafe mini."

"Wane abu, Baffa?"

"Kin sani."

"Ni da ban daɗe da fita daga jahilci ba? Sai an buɗe mini magana nake ganewa."

Zainab ta dafa kafaɗata. "Haram alaiki, ya Binta. Ba ki ga halin da yake ciki ba?"

"Na gani. Shi ya sa nake sauri."

Ya rufe ido. Ya ce, "Mai rasuwa..."

"Tana da suna."

Na ɗauka zai juya fuska bango. Amma mutuwa ta fi ni iya matsa mutum. Ya ce, "Mairo. Ta ce mini gas yana yoyo. Na ce ta kunna." Ya tsaya ya nemi numfashi. "A asibiti na ce ban san ta ba."

Na miƙe tsaye na juya wajen jikokinsa, na maimaita musu da Larabci, kalma bayan kalma, ban ƙara ba, ban rage ba. Wata budurwa a cikinsu ta rufe baki da hannu. Zainab ta zauna a ƙasa. Ashe ita ma zazzaɓin Arfa aka ba ta, ta haɗiye shekara arba'in.

Baffa ya ce, "Kin yafe?"

Na ce, "Na ji, Baffa." Na ɗauki jakata na fita. Bayan kwana huɗu ya mutu. Na je gaisuwa, na yi wa 'ya'yansa ta'aziyya yadda ake yi, rabinsu ba su amsa ba.

Ina yawan tunanin Hanum ɗin Iya, matar da ban taɓa gani ba. Ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri. Ita in ta rufe magana, don girman mai sauraro take rufewa, kada ƙazanta ta taɓa kunnen wadda ke yi mata hidima. Ni ma ban fi ƙarfin wannan ba, har gobe ba na kiran sunan ɗana na fari, kuma in maƙwabciya ta rasa miji ba na ce mata ya mutu. Wannan kunya ce, kuma kunya ado ce. Abin da aka yi a gidan Baffa wani abu ne daban. An ɗauki mayafin da ake rufe wa mai rauni ciwonsa, aka rufa wa wanda ya yi ciwon, aka kuma sa mu muka riƙe masa gefe.

Malamarmu ta ce mini yafiya ta fi lada. Na ce na sani, yanzu da idona nake karantawa, ba sai an gaya mini ba. Zainab ta aiko mini cewa na bar tsoho ya tafi da nauyi a wuya. Ban musa ba. Amma ba ni ce na kwana biyu a gadon asibiti fata a saɓule ina kiran Iya ba. Abin da ba nawa ba ban iya kyauta da shi. Mai haƙƙin tana can inda ya tafi, kuma duk wanda ya san Mairo ya ce ta fi ni taushin zuciya nesa ba kusa ba. Ya je ya tambaye ta. A can dai ba zai ce bai san ta ba.