Wuƙaƙen Baba Ba na Aiki Ba Ne

Ranar Babbar Sallah ta shekarar da naira ta fito, ragonmu na kwance a tsakar gida an yanka, sai ƙotar wuƙar fiɗa ta karye a hannun kawuna. Liman ya riga ya wuce wani gidan da tasa babbar wuƙar. Inna ta dubi Baba, mu ma muka dube shi, domin duk unguwarmu a Daura babu mai wuƙaƙe kamarsa.

Baba dillalin shanu ne. A shekarun nan da kuɗi suka yawaita, abokansa na sayen rediyo da babur, shi kuwa 'yan wuƙaƙen aljihu yake tarawa. In ya je Kongolam ya dawo da ta Buzaye mai ƙotar ƙaho, in ya je Mashi ya dawo da ta maƙeran can a kube na jar fata. Akwatin ƙarfe yake zuba su a ƙarƙashin gado. Duk Juma'a ni ke shimfiɗa tabarma in kawo man shanu da tsumma, in zauna ina miƙa masa yana gogewa, ƙawayena na can waje suna carafke. Kullum akwai ɗaya a aljihunsa, amma da haƙori yake ɓare rake, da haƙori yake tsinke igiya. In aka tuna masa, sai ya ce, "Wannan ba ta aiki ba ce."

Ran nan ma haka ya ce. Inna ta ce, "To Malam, ta kallo ce?" Ya jawo akwatin, ya zare wannan ya mayar, ya zare waccan ya juya ta a rana ya mayar, ƙudaje na ta taruwa a kan rago. Can ya ce in je maƙwabta in aro. Aron wuƙa ranar layya, kowa tasa na cikin nama! Na zaga unguwa da sabon zanena ina sallama gida-gida. Wata tsohuwa ta riƙe baki ta ce, "Yau rijiya ce ke roƙon ruwa?" Sai bayan azahar na samo wata dakusasshiya. Kafin nan cikin ragon ya kumbura, kayan ciki suka lalace, aka zubar. Inna ta kai dare tana suya.

Bara Baba ya rasu. Wajen rabon gado ƙannena suka ce ba su da abin yi da wuƙaƙensa, ga irinsu nan birjik a kasuwa, sai akwatin ya dawo hannuna. Sallar bana tawa wuƙar ta ɓata ana tsakiyar aiki, 'yata ta ce, "Mama, ai ga na Kaka." Na buɗe akwatin, ƙamshin man shanun nan ya taso. Na zare mai ƙotar ƙaho, na daɗe ina kallonta, na mayar. Na ce ta je maƙwabta ta aro.

Har yau haushinsa nake ji. Allah ya jiƙansa.