Furen Tekun da Kawu Ya Dasa

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, lokacin da jiragen ruwa suka yi cunkoso a tashar Ikko, na bar aikin tafinta a jiragen ruwa na komo gida Kazaure. Wasu sun dawo da rediyo da babur. Ni kuwa na dawo da akwatin gilashi na kiwon kifi, da 'yan ƙananan kifaye, da jarkoki cike da ruwan teku, da duwatsun murjani, da ɗan inji mai aiki da batirin mota wanda ke hura iska cikin ruwa. Na saba da teku tun ina tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, na kuma san zan yi kewarsa.

Ƙananan kifayena sun zauna lafiya. Daga baya wani tsohon abokin aiki ya aiko mini da abin da nake kira furen teku. A ido kamar fure take, da 'yan yatsu masu laushi suna lilo cikin ruwa, amma dabba ce. Tana da baki a tsakiya, da ƙafa guda mai faɗi da take mannewa da ita jikin dutse. Masuntan Bahar Maliya sun gaya mini, na kuma sake ji a Abijan, cewa ita ke zaɓar mazauninta. Jan jiki take yi a hankali har ta sami inda haske da motsin ruwa suka yi mata. In aka ɓamɓare ta ƙafar ta yage, mutuwa take yi, ta ɓata ruwan gaba ɗaya.

Ta iso a galabaice, a dunƙule kamar tumatirin da ya kwana biyu. Na ɗora ta kan dutse ta wajen taga, na ƙyale ta.

A makon ne Kawu, wan mahaifiyata, ya zo daga Roni jinyar ƙafa, muka sauke shi a ɗakin da akwatin yake. Dangin mahaifiyata Barebari ne, manoma, kuma Kawu ba ya iya ganin tsiro a karkace ya wuce. Na dawo daga kasuwa na tarar da hannun rigarsa a jiƙe. Ya ga dabbar ta bar dutse ta manne a gilashi, sai ya ɓamɓaro ta, ya tona rami cikin yashin ƙasan akwatin, ya danna ta da babban yatsa yadda ake dashen dawa.

"Dashen nan naka bai kama ba, na gyara maka," in ji shi.

Na durƙusa na ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu, ai ba shuka ba ce. Da kanta take tafiya."

"Kai yaro, iskar injin nan ce ke tuge ta. Wa ya taɓa dasa abu kan dutse?"

Washegari ta fito daga ramin, ya sake binne ta. Gefen ƙafarta ya yi fari, ya ɗan yage, bakinta ya saki. Na san in aka ƙara taɓa ta, shi ke nan. Amma ba na iya kulle wa Kawu ɗaki, ba na iya ɗaga masa murya. A Marsai ta ƙasar Faransa na ga ɗa ya kaɓe hannun ubansa a kan tebur, suka ci gaba da hira. A gidanmu ko tunanin haka ba a yi.

Mai ɗakina ce ta samo dabara. Akwai wata tsohuwar Bafulatana daga wajen Gwiwa da ke kawo mana nono. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, kowa na iya yaɓa wa kowa magana ba a jin haushi. Mai ɗakina ta ja tsohuwar gefe ta faɗa mata halin da ake ciki. Tsohuwa ta sauke ƙwarya, ta leƙa ɗakin.

"Sannu, Babarbare! An ce ka koma noma cikin ruwa?"

"Ke tsohuwar daji, me kika sani ban da wutsiyar saniya?"

"Na san abu mai baki in na gan shi. Ga baki nan kamar naka, sai dai shi ba ya surutu. Kai in ana binne ka har wuya kullum safiya, za ka yi kyan gani?"

Kawu ya yi dariya har da tari. Ta ce ya cire hannunsa har kasuwa ta zagayo. In abin bai motsa ba, za ta kira shi ubangidanta a gaban jama'a. In kuwa ya motsa, shi zai ɗaukar mata ƙwarya zuwa tasha. Ya yarda nan take. Ya sa aka kawo gawayi ya yi alama a gilashi, ya kuma hana kowa matsowa kusa, har ni, wai kada in taimaki Fulani.

Haka dabbar ta sami sakewa. Ta zame daga yashin, ta nufi inda iskar injin ke fitowa, ba inda take turawa ba. Kawu ya lura da wannan, bai ƙara ɗora wa injin laifi ba. Da tsohuwa ta dawo, sai ƙafarsa ta tashi da ciwo, ƙwarya dai ba ta hau kansa ba, amma ya sha magana.

Dabbar ta sami wata tsaga a jikin dutse inda rana ke sauka da hantsi, ta cusa ƙafarta ciki, ba ta ƙara gusawa ba. Farin da ke gefenta ya soma ja baya. Wata safiya na shigo gaida Kawu na tarar ta buɗe sosai, yatsunta na lilo, launinta ya dawo. Na tsinke ɗan guntun ɗanyen kifi na saka mata a hankali. Yatsun suka naɗe shi, suka kai baki. Sai a lokacin na zauna kan tabarma ina hamdala.

Kawu ya matso da fuskarsa jikin gilashi ya ce, "Ɗan wannan ne abincin nata? Ƙara mata, yaro, ta sha wuya."