Masassarar Mai Faskare

Tun yana saurayi Mai Faskare yake sana'arsa a bayan gidan burodi, inda ake jibge itacen gashi. Tafin hannunsa duk kanta. Bai san kwanciyar rana ba, sai fa in damina ta kawo masa zazzaɓi.

'Ya'yansa su ce maleriya, mai kemis ya ce zazzaɓin cizon sauro, shi kuwa har yau masassara yake cewa, yadda ya ji a bakin kakarsa. In ka tambaye shi asalin sunan, sai ya gyara zama. Wai mutanen dā sun lura ciwon ba ya kayar da mutum da sara ɗaya. Sassara yake yi, gaɓa-gaɓa, ya huta ya dawo. "Abokiyar sana'ata ce," in ji shi. "Na san hannunta."

Matarsa kuwa hannunsa ta sani. Da zarar zufa ta karyo masa, sai ya ture sauran maganin ya saɓi gatari. Bara haka ya yi, aka kwaso shi bai san wanda ke kansa ba.

Bana da jikin ya yi sauƙi, ya miƙe da safe ya tarar da ruwan gatarin a bayan ƙofa, ba ƙota.

"Uwar yara, ina ƙotar?"

"Na hura wuta da ita. Da me zan dafa maka ruwan wanka?"

"Matar mai faskare ce ta rasa itace?"

"Ai mai faskaren yana kwance." Ta ajiye masa reshe da wuƙa a kan tabarma. "Ga shi, sassaƙa wata."

Ya juya reshen a hannunsa. Ɗanye ne shataf, sai ya kwana biyu yana shan iska kafin a kafa masa ƙarfe. Ya dube ta, ta kau da kai tana gyaran gidan sauron da babu abin da ya same shi.

"Da gangan kika zaɓo ɗanye."

"Ni me na sani a itace, maigida?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya koma ya zauna, ya miƙa mata hannu. Ta ɓallo ƙwayar safe ta sa masa, ta tsaya a kansa da kofin ruwa, sai da ta ga maƙogwaronsa ya motsa.