Baƙon da Wanzami Bai Gane Zanensa Ba

Da sanyi, bayan an kwashe gyaɗa daga gona, a ƙofar ɗakin kakata Iya Hajo muke hira. Ita ta haifi babana. In an idar da sallar isha'i takan hura wuta da karan gero, ta zube mana gyaɗa a tabarma. Muna ɓarewa muna jefa ɓawon a wuta, ita kuwa tana ba mu tatsuniya. Ni ba ta kirana da sunana, sai "maigidana rago". Babana kuwa ɗan farinta ne, don haka alkunya ta hana ta ambaton sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. In abu ya kama, sai ta faɗa wa bango ko danga, shi kuma ya ji.

Wata ranar kasuwar Matamaye, ina ɗan shekara tara ko goma, wani baƙo ya shigo zaurenmu yana rawar ɗari. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Barbarci, an gwada Fulatanci ma shiru. Baba ya sa aka dama masa kunu. Kafin la'asar rai ya yi halinsa. Babu tasbaha a jikinsa, ba kuma wanda ya ga ya yi salla. Aka kira wanzamin unguwa ya duba zanen fuskarsa, domin shi ya san zanen kowane gida daga nan har Damagaram da Daura. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wannan askar ba ta ƙasarmu ba ce."

Manya suka yi ta shawara har magariba. Suka tsaya a kan cewa maƙabarta ta Musulmi ce, likkafani ma haka; da asuba za a kai shi daji a jibga masa ƙaya. Baba bai ce a'a ba. Ya dai zauna a bayan zaure yana gadin gawar, tsakaninsa da wutarmu danga ce kawai.

A wannan daren Iya ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?"

Muka ce, "Ta iso, muna ji."

Wai garuruwa uku ne a kusa da juna. Mutanen na farko zane uku suke yi a kunci, na biyu zane ɗaya a goshi, na uku kuwa a gefen baki. Sai wani matafiyi ya faɗi ya mutu a mararrabar hanyoyinsu. Kowane gari ya aiko a duba fuskarsa, kowane ya ce ba nasa ba ne, aka bar shi a rana. Da damina ta faɗi suka fita shuka, sai ƙasa ta ƙi buɗe baki. In an sara sungumi ya yi tsalle, in an zuba iri ya kwanta a sama tsuntsaye su tsince. Suka taru suka ce, "Ƙasa, me muka yi miki?" Ta ce, "Wa ya bar mini ɗa a rana?" Suka ce ai ba su gane zanensa ba. Ta ce, "Ni na yi masa zane? Da fuska sumul na ba ku shi, haka kuma na ba da kowannenku. Kwana bakwai kuka yi a duniya kafin wanzami ya taɓa ku. A waɗannan kwanakin ƴan wane gari ne ku?" Sai da suka haɗu suka rufe shi, sannan ƙasa ta karɓi iri.

Ƙanwata Habsu ta ce, "Iya, to shi mutumin ɗan ina ne?"

Iya ta ce, "Ke ma wanzanci kika koya? Ɓare gyaɗarki. Tatsuniya ta ƙare, ba na ƙari."

Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da farin ƙyallen da duk mun sani. Da hannunta ta kaɗa zarensa, ta kai masaƙi, ta adana shi a adudu don ranar da za ta koma ga Allah. Ta rataye shi a kan danga ta ce, "Danga, ki faɗa wa masu gida a yafa wa baƙo."

Daga can muka ji muryar Baba ƙasa-ƙasa: "Iya, wannan fa naki ne."

Ta ce wa dangar, "Ni ina da masu rufe ni."

Bayan sallar asuba Baba ya tsayar da liman. Liman ya ce salla kam ba za a yi masa ba, tunda ba a san addininsa ba, amma bai taɓa karanta inda aka ce a bar wa kuraye ɗan Adam ba. Aka haƙa kabari a wajen maƙabarta, gindin wani gawo, aka naɗe shi a ƙyallen Iya aka rufe. Ba kowa ya ji daɗi ba. Wani maƙwabcinmu ya daina zuwa cin tuwo zaurenmu har damina.

Yanzu da na tsufa, nakan ji jikokina ƴan lakwal, wato makarantar boko, suna gardama da dattawa a kan haƙƙin ɗan Adam. Yara su ce ɗaya ne ko'ina, dattawa su ce kowace ƙasa da al'adarta, kada a kawo mana ta wasu. Nakan tuna Iya. Ba ta raina al'ada ba. Mace ce da ta mutu ba ta ambaci sunan ɗanta ba. Da baƙon nan ya rayu, ba na jin za ta sa hannu a akushi ɗaya da shi. Ba ta nemi a yi masa salla ba, ba ta ce a shigar da shi maƙabartarmu ba. Wannan duka ta bar wa al'ada da malamai. Abu guda ne ta hana su.

Abin da na fahimta ke nan, Allah kuwa shi ne masani: al'ada tana da ikon faɗin inda za a haƙa, da wanda zai tsaya a gaba, da abin da za a karanta. Amma a ce wannan ba ya cikin waɗanda ake haƙa wa, wannan ba a hannunta yake ba.